Shekarar da Tumatirin Gwaji Ya Shiga Tukwanen Hayin Banki

Yanzu na iso kan shekarar tumatir, wadda tun farkon rubutun nan nake ta kewaye ta. Dole in tsaya a kanta, domin ranar addu'ar bakwai ta Yaya Habu, ina zaune a tsakar gida ina karɓar gaisuwa, na ji wata baƙuwa tana raɗa wa ta kusa da ita cewa ai wannan ne tsohon da ya ciyar da unguwa maganin Turawa don 'yarsa ta samu ƙarin girma a wurin aiki. Ban tanka ba, zaman makoki ne, amma kun san halina, maganar ta tsaya mini a wuya har yau. Ku 'ya'yansa da nawa, da jikokin da ba su yi wayo ba a lokacin, za ku yi ta jin irin wannan a bakin mutane bayan ba na nan. To ga yadda aka yi, daga bakin wadda ta tsaya a tsakiyar abin, wadda kuma ita ma ta ci tumatirin nan har da suɗe kwano.

Hadiza ita ce 'yar farin Yaya. Ana yaye ta aka goyo ta daga Hayin Banki aka kawo mini Kurmin Mashi, a hannuna ta girma, ni na yi mata komai har aure. A gidanmu kunyar ɗan fari ba abin wasa ba ce. Yaya bai taɓa kiran sunanta ba. In zai ambace ta sai ya ce 'yar Kurmin Mashi, in kuma ta shigo gaishe shi sai ya amsa wa bango, ya shiga neman takalminsa zai fita. Uwarta Rabi ma ta fi shi, ita ko 'yar Kurmin Mashin ba ta cewa, sai dai waccan. Ku yaran yanzu za ku ce ƙiyayya ce. Wallahi duk cikin 'ya'yansa babu wanda ya kai ta a zuciyarsa. Tela ne, kuma duk kayan makarantar da ta sa shi ya ɗinka su, amma bai taɓa auna ta da hannunsa ba, ni nake auna ta da zare in ƙulla in kai masa. Haka muka rayu. Yana da magana, ya gaya mini in kai. Tana da buƙata, ta gaya mini in kai. Har ta yi karatun da ta yi a kan cututtukan shuka, ta zama dakta, ta samu aiki a wata cibiyar binciken noma, ni ce dai 'yar aikensu, ban taɓa samun ritaya ba.

Da idon Yaya ya fara gazawa, zare ya daina shiga allura, sai ya bar shago ya koma gonar da mahaifinmu ya bari a bayan Malali, kusa da bakin kogi. Ya nace wa tumatirin damina, wanda duk manomi ya san taurin kai ne. Shuka za ta tashi kore shar, ta yi fure, ta fara 'ya'ya, da zarar ruwa ya zauna sai ka ga ganyen ƙasa ya fito da baƙaƙen ɗigo masu zobe-zobe. Kafin ka ankara ciwon ya hau sama, gona ta koma kamar an bi ta da wuta, 'ya'yan suna ruɓewa tun suna ɗanye. Ya fesa maganin kasuwa iri-iri har tari ya kama shi, amma kowace shekara labarin ɗaya ne. Ni nake kai wa Hadiza wannan kukan a cikin hira, ban san tana tara shi a ranta ba.

Wata Juma'a ta zo mini da maganar cewa a wurin aikinsu ana neman gonar da za a gwada wani sabon feshi, kuma tana so a yi a ta Babanta. Na ce ta yi mini bayani da Hausar da zan iya ɗauka in kai, kada ta cika ni da Turanci.

"Gwaggo, ciwon nan fumfuna ce, 'yar'uwar wadda ke fitowa a kan tuwon da aka manta da shi," in ji ta. "Abu ne mai rai. A jikinta akwai ƙwayoyin gado, su ke ba da umarnin duk abin da za ta yi. Ɗaya daga cikinsu ita ke aika saƙo a ƙera abin da fumfunar take huda ganye da shi. Mu kuma mun haɗa wani ɗan guntu mai kama da wannan saƙon sak. In aka fesa, fumfunar ta tsotse shi, sai jikinta ya ga baƙo ya shigo, ya sassare shi, ya haɗa da nata saƙon ya sassare. Umarnin yana nan, amma ba ya isa inda aka aike shi."

"Wato kun tare ɗan aike a hanya," na ce.

"Shi ke nan, Gwaggo. Ba mu taɓa tumatirin ba, ba mu canja irinsa ba. Abin da muka fesa ma rana da ruwa suna lalata shi cikin 'yan kwanaki."

"Ba guba ba ce dai ko? Kin san ƙirjin ubanki."

"Ba guba ba ce. Sai dai gwaji ne, akwai sharuɗɗa. In an amince da gonar zan zo miki da su ɗaya bayan ɗaya."

Na kai wa Yaya kamar yadda na karɓa. Ya ce in gaya wa 'yar Kurmin Mashi gona tata ce. Na ga ya kau da kai yana goge ido, ya ce hayaƙin murhun Rabi ne, alhali Rabi ko wuta ba ta hura ba.

Sharuɗɗan nan ba su same ni ba. Ana shirin dashe aka bugo waya daga Funtuwa cewa ɗiyata Maryam ta haihu da tiyata, na tattara na tafi, ban dawo ba sai da aka yi arba'in har na ƙara wata guda a kai. A bayana aka zo aka kewaye gonar da waya, aka sa ƙofa da kwaɗo, aka raba ta gida biyu, gefe guda a fesa, gefe guda a bari don a ga bambanci. Aka ba Yaya makulli tunda shi ke cire ciyawa. Abokan aikin Hadiza suka ce mata ai mahaifinki ne, ke za ki fi kowa yi masa bayani. Ita kuma ta ji nauyin ta gaya musu cewa tun da aka haife ta ba ta taɓa yin hira da shi ba. Ba ta bugo mini ba, wai kada ta ƙara mini damuwa a kan ta Maryam. Rabi ce ta ba ni labarin yadda aka yi daga baya. Hadiza ta durƙusa a bakin ƙofar ɗakinsa, kanta a ƙasa, ta ce:

"An ce amfanin gonar bana ba na kasuwa ba ne, kuma ba na girkin gida ba ne. Ma'aikata za su zo su kwashe."

"To, an ji," in ji Yaya, yana duban bango. "A gaya musu Allah ya taimaka."

Akwai sauran magana a bakinta, cewa ko ƙwaya ɗaya kada ta tsallake wayar nan, domin hukuma ba ta ba da izinin kowa ya ci ba tukuna, za a auna ne a duba sannan a binne. Amma yaya 'yar fari za ta dubi ubanta ta ce masa kada? Shi kuma yaya zai tsayar da ita ya ce me ya sa? Kafin ta haɗa kalmomin ya riga ya sunkuya yana laluben takalmi.

Akwai abin da Hadiza ba ta sani ba, saboda a gidan ma'aikacin ofis ta tashi, mijina ko barkono bai taɓa shukawa ba. A wurin mahaifinmu, nunan fari ba na mai gona ba ne. Duk abin da ya fara nuna, ba a kai shi kasuwa, ba a sa shi a tukunyar gida, haƙƙin maƙwabta ne, a zuba a kwano a bi gida gida. Mun tashi mun ga ana yi, ba mu taɓa ɗaukar sa kyauta ba, kamar mayar wa mutum kayansa ne. Shekarun da ciwon nan ya yi yana cinye gonar, abin da ya fi ci wa Yaya rai ba asarar ba ce, rashin abin kirki da zai sa a kwanon maƙwabta ne. To bana ga gefen da aka fesa ya tsaya kore, ga tumatir manya-manya sun fara ja. Yaya ya riƙe sharaɗi yadda ya ji shi. Bai sayar da ko ɗaya ba, bai bar Rabi ta yanka ko ɗaya ba. Amma bai taɓa zuwa masa a rai cewa akwai wata doka a duniya da za ta hana maƙwabci haƙƙinsa ba. Wata safiya ya buɗe kwaɗon, ya tsinki kwando guda, ya bi Hayin Banki da kwanuka yana ta fara'a. Ni ma da na dawo a makon aka aiko mini da nawa.

Ranar Juma'a Hadiza ta zo yi mini sannu da hanya, na zuba mata shinkafa da miya. Ta ci, ta ƙara, ta ce rabon da ta ji miya mai daɗin wannan ta manta.

"Ai dole," na ce, ina jin daɗina. "Aikin hannunki ne. Nunan farin gonar ubanki ne, ya raba wa unguwa."

Cokalin ya tsaya mata a hanya. Ta ajiye shi a hankali, ta dube ni, fuskarta ta sauya yadda ban taɓa gani ba tun tana yarinya.

"Gwaggo, wace gonar?"

"Yana da wata ne ban da ta bayan Malali?"

"Ya raba wa su wa?"

Ta ce in ɗauko mayafina mu tafi. A cikin Keke Napep, muna hanyar Hayin Banki, ta gaya mini sauran sharaɗin da bai fita daga bakinta ba.

Muka zauna a tsakar gidan Yaya yadda muka saba, shi a can, ita a nan, ni a tsakiya, Rabi a bakin madafa. Na gaya masa. Bai yi musu ba, bai ce ai ba a faɗa masa ba. Na ce ya lissafo gidajen, ya shiga lissafowa da murya ƙasa-ƙasa. Da ya zo kan gidan Tanimu sai Rabi ta ɗora hannu a ka. Tanimu mai gyaran babur ne a Kawo, katanga ɗaya ce tsakaninsu da Yaya, kuma Yaya ne ya ɗinka masa kayan angonci. Matarsa Zulai ta sha ɓari har ta daina gaya wa mutane in ta samu ciki. Wannan karon cikin ya zauna, ya yi ƙwari, unguwa duka ana lallaɓa ta kamar ƙwai. Kuma saboda kwaɗayin masu ciki, Yaya ya cika mata kwanonta fiye da na kowa.

"An ci an wuce," in ji Rabi, tana magana da ni. "Ga ki nan kin ci, me ya same ki? Kowa yana tafiya da ƙafarsa. A ce wa waccan ta rufa mana asiri. In maganar nan ta fita, ko tuntuɓe wani ya yi mu ne."

"Gwaggo," in ji Hadiza, ita ma ni take duba, "iya abin da muka sani, ba ya cutar da mutum. Irin wannan abin yana cikin duk ganye da hatsin da muke ci, ciki yana narkar da shi. Kuma don saƙon fumfuna kaɗai aka ƙera shi. Amma ba a gama binciken da zai sa in ce wa mai ciki ta ci ba. In na yi shiru na yi wa wurin aikina ƙarya, kuma na bar Zulai tana zuwa awo likitanta bai san abin da ta ci ba."

"In kika faɗa fa?" na ce.

"Za a rufe gwajin. Wataƙila a haɗa da ni."

Tsoro ya kama ni ta kowane gefe. Na san unguwarmu, na san abin da ake cewa a kan allurar rigakafi ma, balle feshin da ba wanda ya taɓa jin sunansa. Na san kuma in Zulai ta rasa wannan cikin bayan an faɗa, ko da ƙaddara ce tsagwaronta, Yaya ba zai ƙara ɗaga kai a Hayin Banki ba. Can Yaya ya yi gyaran murya, ya dube ni.

"Lami, ki gaya wa 'yar Kurmin Mashi ta je ta faɗa wa manyanta. Ni zan faɗa wa mutanena. Ƙafar da ta kai kwano ita za ta koma."

Bayan la'asar muka fita, shi yana tsayawa da maza a ƙofa, ni ina shiga wurin mata. Wasu suka yi dariya suka ce ai da an ƙaro musu. Wasu suka yi shiru irin wanda ya fi zagi ciwo. Gidan Tanimu muka bari a ƙarshe. Ya dawo daga aiki ke nan, hannunsa duk baƙin mai, ya tsaya ya saurari Yaya har ya gama.

"Baba, ka san sau nawa muka dawo daga asibiti hannu Rabbana," in ji shi. Muryarsa ba ta tashi ba, da ta tashi ma da ya fi mini sauƙi. "In wani abu ya samu cikin nan, ban san da wane ido zan dube ka ba."

"Ni ma ban san da wanda zan dubi kaina ba," in ji Yaya.

A ciki na tarar Zulai ta riga ta ji ta bayan labule. Ashe ita ko dafawa ba ta yi ba, ɗanye ta yanka ta kwaɗa da ƙuli da gishiri, ta yi kwanaki tana ci. Ba ta yi kuka ba. Ta kamo hannuna ta ɗora a kan cikinta.

"Gwaggo, ya motsa da safe. Jiya ma ya motsa. Tsaya ki ji."

Na tsaya ina jira, bai motsa ba sai da na kusa cire rai, sannan na ji ɗan shuri a tafina.

Makonnin da suka biyo baya ba na so in sake irinsu. Cibiyar su Hadiza ta turo likita ya duba duk wanda ya ci, har da ni, bai ga komai ba. Maimakon hankali ya kwanta sai aka ce in babu komai me ya kawo likita. Kafin mako ya zagayo maganar ta kai Kawo, ta dawo da ƙari, wai maganin hana haihuwa ne aka biya Yaya ya raba. Yaron da ya yi zawo, tumatir ne. Tsohuwar da ƙafarta ta shekara tana ciwo, tumatir ne. Dattawan da ke zama a kan bencin ƙofar Yaya bayan sallar la'asar suka koma ƙofar wani. Matan da ke aiko aron rariya wurin Rabi suka daina. Aka dakatar da Hadiza daga aikin, aka kafa mata kwamiti. Ranar da aka zo tuge gonar na raka Yaya. Gefen da ba a fesa ba ya ƙone ƙurmus kamar kowace shekara, gefen da aka fesa kuwa kore shar, rassa har ƙasa don nauyin 'ya'ya. Wato abin ya yi aiki, kowa yana gani. Ma'aikata suka sa safar hannu suka tuge duka, suka zuba a rami suka rufe. Hadiza tana tsaye a wancan bakin ramin, Yaya a wannan, ba wanda ya dubi wani.

Ni kuwa kullum da safe sai na hau Keke Napep daga Kurmin Mashi, ba don komai ba sai don in leƙa layin in ga ko an shimfiɗa tabarmi a ƙofar Tanimu. In na ga ƙofar wayam sai in sauke ajiyar zuciya, in shiga in sha koko wurin Rabi. Waya in ta yi ƙara sai na yi salati kafin in ɗauka. Yaya ya rame har ya sake ɗinke ƙugun wandonsa da hannu, yana laluben ramin allura. Ana cikin haka ƙafafun Zulai suka kumbura, jininta ya hau. Hadiza ta ce mini hakan yana samun masu ciki da yawa, kuma Zulai ta taɓa yi a wani cikin can baya, ba ruwansa da tumatir. Na yarda da ita, amma ina jin yadda muryarta take rawa. Sai ga naƙuda ta zo tun lokaci bai yi ba.

Da hantsi muka isa asibiti. Tanimu da danginsa suna can ƙarshen baranda, ba wanda ya waiwayo. Mu muka samu benci a wannan ƙarshen, Yaya a gefe, Hadiza a gefe, ni a tsakiya kamar kullum. Can Yaya ya taɓo ni, ya ce in tambayi 'yar Kurmin Mashi wani abu. Ban san lokacin da raina ya ɓaci ba.

"Ni aiken nan ya ishe ni," na ce. "Sau ɗaya na yi tafiya, ga inda ta kai mu. Zan je in nemo ruwa. Mai magana ya yi da bakinsa."

Na tashi na bar musu wurin. Ruwan da ban nemo ba ke nan, bayan ginshiƙi na laɓe ina jin su, kuma ba na jin kunyar faɗa muku haka. Har na fara tunanin komawa sai na ji muryar Yaya.

"Hadiza."

Ta waiga ta ga ko wani ne. Ni kaina sai da tsigar jikina ta tashi, ban taɓa jin sunan nan da muryarsa ba.

"Na'am, Baba."

"Dube ni. Abin da na kai gidan nan da hannuna, zai taɓa abin da ke cikinta?"

"Baba, duk abin da na karanta da wanda na gwada ya nuna ba zai taɓa shi ba. Amma haihuwa ce, kuma lokaci bai yi ba. In wani abu ya faru, ba zan iya hana mutane su ce mu ne ba."

"Ba mutane na tambaya ba. Ke na tambaya."

"Ba tumatirin ba ne, Baba. Zuciyata ta tsaya a kan haka."

Ya jinjina kai. Sai ya ce, "To me ya hana ki ce mini kada in fitar da ko ɗaya?"

"Kana neman takalminka, Baba."

Yaya ya dubi ƙafarsa. Ya sunkuya ya zare takalman, ya tura su can ƙarƙashin benci.

"To yau ba inda za ni. Faro mini maganin nan daga farko."

Ta faro masa, daga fumfuna har saƙon da ake tarewa, yana tambaya tana amsawa, hawaye yana bin fuskarta ba ta share ba. Suna cikin haka aka kira azahar, ba a jima ba wata ma'aikaciyar jinya ta fito ta kira Tanimu. Na ga ya shiga, na ga ya fito ya jingina da bango ya rufe fuska. Sai ƙanwarsa ta rangaɗa guɗa, aka yi mata tsawa cewa asibiti ne. Mace ce, 'yar mitsitsiya, aka sa ta a kwalba. Muka ƙara wasu kwanakin muna zarya da zuciya a hannu, har Allah ya sa ta kama nono aka sallame su. Ita ce Amira da kuke gani tana tsalle a layin Yaya, bakinta ya fi na kowa kaifi.

Kada ku ɗauka haihuwar ta wanke mu. Masu cewa guba ce suka koma cewa Allah ne ya kare, wasu suka ce ai ga shi nan an haife ta bakwaini. Kwamiti ya gama zamansa, aka ja wa Hadiza kunne a rubuce, aka mayar da ita wani sashe. Aikin feshin da ta ba shekarunta ya ci gaba a wata gona a hannun wasu, ba ta cikinsu. Ba ta taɓa yi wa ubanta ƙorafi ba. Duk Juma'a ta koma biyawa ta Hayin Banki kafin ta zo wurina, su zauna su biyu suna hira, Rabi tana rufe fuska da gyale in ta ji ya kira sunan.

Da damina ta zagayo aka cire wayar, Yaya ya sake dasa tumatirinsa, ba feshin kowa. Ciwon ya ci rabi, ya bar masa abin da ya bari. Ya tsinki nunan fari, ya zuba a kwanuka, na ce masa Yaya ka bari mana, ya ce haƙƙinsu ne, ba nasa ba ne balle ya hana. Ina gidan kwanukan suka fara dawowa, kowanne a cike yadda ya tafi. Wannan gidan an gode, sun riga sun yi cefane. Wancan gidan an gode, maigida ba ya cin tumatir yanzu. Rabi ta jera su a gindin bango tana kuka ƙasa-ƙasa. Yaya yana zaune yana duban su. Kwano ɗaya ne bai dawo ba, na gidan Tanimu, ni kuma na ƙudurta a raina an zubar ne a bola. Gab da magariba aka yi sallama. Zulai ce da kanta, Amira a bayanta, kwanon a hannunta an wanke shi, da 'yar daddawa a ciki, tunda ba a mayar da kwano haka nan. Ta durƙusa a gaban Yaya.

"Baba, na yi miya da shi, ni da Tanimu mun ci. Da kun yi shiru bara, har abada ba wanda zai sani. Ba ku yi ba. Duk abin da ya fito daga hannunka zan ci."

Yaya ya karɓi kwanon da hannu biyu.

Daga wannan shekarar har ya koma ga Mahaliccinsa, gida ɗaya ne yake karɓar nunan farinsa a duk layin, amma bai taɓa tsallake sauran ƙofofin ba. Kowace damina sai ya kai, kowace damina sai a dawo masa da su. Wannan shi ne mutumin da aka ce ya ciyar da unguwa magani don 'yarsa ta samu girma. In kun sake ji, ku ba da labarin yadda na ba ku shi, kada ku rage masa komai.

Bana Hadiza ce ta karɓi gonar. Shekaranjiya ta shigo mini da kwando a ka da kwanukan ubanta a buhu, ta ce in sa mayafina in raka ta, ba ta san da wace ƙofa ake farawa ba.